Adon Ƙananan Kyandirori na Kaka: Rajistar Aiki Daga Bauchi

Asabar, 28 ga Satumba, 2024

Abin da muka sa a gaba kyandirori 48 ne masu adon kaka, na ajiyewa a falo ko gaban madubi, waɗanda kuma za a iya kunnawa ba tare da fargaba ba. Guda 24 gajeru ne masu kauri, faɗin santimita 5, tsayin santimita 7, da kanmu za mu zuba su. Sauran 24 ɗin 'yan mitsi-mitsin nan ne da ake sayarwa cikin ƙoƙon alminiyom, faɗinsu bai kai santimita 4 ba, kowane yana ci kamar awa huɗu.

A Turai da Amurka adon wannan lokaci jajayen ganyaye ne da kabewa, don a lokacin ne itatuwansu ke sauya launi su zubar da ganye. Kakarmu ba haka take ba. Launinta na zangarniyar dawa ne da busasshen kara, da jan zoɓo, da ruwan zuma. A kan waɗannan za mu tsaya.

Kayan da aka haɗa yau: farin kyandir na gida daga kasuwar Wunti, kilo 4, shi za a narkar ya zama kakin aiki, fayif ɗin roba na ruwa mai inci 2 da murafensa daga wajen masu kayan famfo, gwangwanayen madarar gari guda huɗu, ma'aunin zafi na girki mai tsinke, sikelin kicin, sipirit, tsofaffin jaridu. Kowane gajeren kyandir zai ci kimanin giram 125, wato 24 ɗin za su tashi da kilo 3. Kilo ɗayan da ya rage na tsomawa ne.

Ƙa'ida ɗaya tun ba a fara ba: ba a ɗora kaki kai-tsaye a kan wuta. Gwangwani ake sawa a cikin tukunyar ruwa, ruwan ya kai rabin gwangwanin, a sa murfin kwalba biyu-uku a ƙasa don kada gindinsa ya zauna a kan ƙarfen tukunyar. A nan Bauchi, da ke kusan mita 600 sama da teku, ruwa yana tafasa a wajen digiri 98, don haka kakin ba zai taɓa wuce nan ba. A kan wuta tsirara kuwa babu abin da zai tsayar da shi, ba ya tafasa balle ya yi gargaɗi, sai dai hayaƙi, daga nan ya kama. In ya kama, murfi ake kifa masa a kashe wutar. Ruwa ba ya kashe shi, watsa shi yake yi.

Talata, 1 ga Oktoba

Tsinko ganye. An bari sai da hantsi ya ɗaga raɓa ta bushe. Kyandir mai santimita 7 ba ya ɗaukar babban ganye, don haka ƙanana muka nema: zogale, musamman wanda ya fara komawa ruwan ɗorawa a ƙasan reshe, tsamiya, 'yan ƙananan ganyen dalbejiya masu baki kamar zarto, da kawunan ciyawa iri biyu, burburwa da ƙyasuwa.

Tsamiya tana da hali. Da an cire ta daga jikin reshe sai 'yan ganyenta su fara naɗewa suna haɗa fuska, in aka kawo ta gida a leda an yi asara. A gindin itacen ake shimfiɗa ta cikin littafi. Zogale kuma yana kakkaɓewa daga jijiyarsa in ya bushe, gara tun farko a tsittsinke shi ɗaya-ɗaya.

Kowane shimfiɗi: jarida ninki huɗu, ganye ba ya taɓa ɗan'uwansa, jarida ninki huɗu a sama, katako, bulo biyu. Damina ba ta gama janyewa ba, iska da sauran laima, saboda haka za a riƙa sauya jaridar duk bayan kwana biyu. Wanda ya bar takarda ɗaya har mako zai buɗe ya tarar da baƙin ɗigo-ɗigo na fumfuna. Kwana goma muka ba su.

Ƙyasuwa ta ƙi kwanciya. Kanta gashi ne buzu-buzu, ko an danne shi tashi yake yi. Mun ware ta gefe, wataƙila ta yi amfani a wani wajen, ba a jikin kyandir ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Zubi. An yanka fayif gida takwas, kowane santimita 8, aka goge bakin da sanfefa. An huda tsakiyar kowane murfi da ƙusa mai zafi, aka zura lagwani, aka ƙulle shi ta waje, aka liƙe hudar da salatif ninki uku. Ta sama an ɗaure lagwanin a tsinken tsire da aka gicciya a bakin fayif ɗin, aka ja shi ya miƙe zar. A tuna, gefen murfi shi ne zai zama saman kyandir, a kife ake zuba shi. Cikin fayif an shafa man gyaɗa da tsumma, shafawa kawai, ba jiƙawa ba.

Lagwani ya ci mana lokaci fiye da komai. Wanda ake tsamowa daga narkakken kyandir na gida an yi shi ne don sanda mai faɗin santimita 2. A gwajin da muka yi cikin mai santimita 5, sai ya haƙa rijiya siririya, kafin awa ɗaya narkakken kakin ya shanye shi ya mutu. Da muka murɗa biyu wuri ɗaya, harshen ya yi tsayi yana fitar da baƙin hayaƙi. Abin da ya zauna daidai shi ne kitso: farin zaren auduga, sili 15, a raba uku biyar-biyar, a kitsa da ƙarfi, a jiƙa cikin narkakken kaki minti biyar har kumfa ta daina fita, a miƙar ya bushe. Kitsattsen lagwani yana lanƙwasa kai yayin da yake ci, sai bakinsa ya shiga gefen harshen wuta inda ya fi zafi ya cinye kansa. Murɗaɗɗe tsaye yake tsayawa yana tara gawayi. Kafin a yi amfani da zare a kunna masa ashana: in ya zama toka auduga ne, in ya dunƙule ya yi ƙwallo da roba a ciki, ba ya yi.

An zuba a digiri 75. Ba mu haura haka ba don fayif ɗin roba yana fara laushi a wajen 80. Bayan kamar minti 40 saman ya yi fata, sai aka soka tsinke sau uku a kewayen lagwani. Kakin faraffin, wato kakin farin kyandir na gida, yana tsukewa in yana hucewa, yana barin kogo a ciki wanda ido ba ya gani. Bayan awa biyu aka cike ramin da kaki mai digiri 80, ba a bari ya haura layin zubin farko ba, don in ya haura zai gangara tsakanin kyandir da fayif ya hana shi fita.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Takwas na farko sun fito, shida lafiya lau. Ɗaya ya maƙale sai da ya yi minti goma a firji. Ɗaya kuma jikinsa ya yi layi-layi fari a kwance, shi ne wanda aka zuba a ƙarshe bayan kakin ya sauka ƙasa da digiri 70. Ba asara ba ce, zai tafi sashen tsomawa a launi, can zai ɓuya. An sake zuba takwas, gobe a ƙarasa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ranar launi, kuma ranar da yawancin dabarun gargajiyarmu suka faɗi.

Zoɓo muka fara gwadawa, busasshe daga kasuwar Muda Lawal, dakakke, cokali biyu cikin kaki giram 100. Rabin awa yana cikin zafi, kakin nan fari fat, garin ya kwanta a ƙasa kamar dusa. Jan zoɓo a ruwa yake narkewa, shi kuwa kaki dangin mai ne, ba sa haɗa hanya. Kada kuma wani ya ce bari ya jiƙa zoɓon ya zuba ruwan a ciki. Ruwa zai nutse ƙasa, in an kunna kyandir ɗin ya riƙa tartsatsi.

Lalle ma haka. An zana shi a jikin kyandir da ledar ƙunshi, zanen ya fito tsaf, ya kwana, da safe aka kankare, ko alama babu. Lalle yana kama fata da farce da gashi ne saboda sinadarin da ke jikinsu wanda yake manne wa, kaki ba shi da shi. Abin da za a ɗauka daga masu ƙunshi hannunsu ne da ledarsu, ba lallen ba.

Kurkum ya ɗan yi abin kirki. Cokalin shayi ɗaya cikin giram 200, minti 30 a digiri 85, a tace da yadi mai laushi ninki biyu, ya ba da ruwan ɗorawa mai haske. Matsalarsa rana. An ajiye gutsure a taga, wani a cikin kwali, za a kwatanta bayan mako biyu.

Wanda ya yi aiki sosai kalar zanen yara ce ta kaki. Sanda ɗaya, a ɓare takardarta, a kankare ta cikin giram 250. Ja biyu da ruwan ƙasa ɗaya sun ba da launin jar dawa. Ruwan goro biyu da rawaya ɗaya sun ba da launin cikin kabewa. Ruwan ƙasa zalla da ɗan gutsuren baƙi kamar ƙwayar wake ya fito kamar makuba. Launi a narke yana yaudara, kullum ya fi duhu. A ɗiga a farin faranti ya daskare kafin a yanke hukunci.

Sai dai wannan kala ta waje ce kawai. Gari ce mai laushi da ke yawo a cikin kakin, ba narkewa take yi ba, kuma in ta shiga lagwani toshe shi take yi har wutar ta shaƙe. Shi ya sa cikin kyandirorinmu fari ne, launin riga za a sa masa. Kuma tana kwanciya a gindin gwangwani, dole a motsa kafin kowace tsomawa.

Asabar, 12 ga Oktoba

An buɗe jaridu. Zogale da tsamiya sun bushe ƙayau, suna ƙara in an taɓa. Dalbejiya ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ba laifi. Burburwa ta fi kowa kyau, siririya kamar zanen alƙalami.

Matakin farko da ba a tsallakewa: a goge jikin kyandir da auduga da sipirit. Man gyaɗan da aka shafa a fayif yana nan a jikinsa. Guda biyu da muka bari da gangan ba a goge ba, rigar kakin ta ɓare daga jikinsu kamar ɓawon dafaffen ƙwai.

Manna ganye da bayan cokali ake yi. A tsoma cokalin shayi a ruwan zafi, a goge shi tas, a ɗora ganye a inda ake so, a danna bayan cokalin a kai kamar daƙiƙa biyar, daga tsakiya zuwa baki. Kakin da ke ƙarƙashi zai narke kaɗan ya riƙe. Cokali uku ake sawa a ruwan ana musanyawa, don ɗaya ba ya wuce ganye biyu ya huce. Kada a gasa cokali a kan harshen wuta don sauri, kunkunniya za ta hau shi, ta shiga farin kaki, ba ta kuma fita. Bakin ganyen da ya ƙi kwanciya a shafa masa narkakken kaki da ƙaramin buroshi, a danne da yatsa. Duk bakin da aka bari a tsaye, wajen tsomawa zai tattara kaki ya yi ƙulu.

Sai tsomawa, inda aikin yake. Gwangwanin madara mai faɗin santimita 10, an zuba kaki zuwa zurfin santimita 9, kimanin giram 550. Ba a cika shi ba saboda kyandir in ya shiga yana ɗaga kakin da kusan santimita 2. Ana riƙe lagwani da filaya, shi ya sa muka bar masa tsawon santimita 5 ba mu yanke ba. Mun gwada zafi huɗu a kan kyandirori huɗu masu ado iri ɗaya.

A digiri 68 rigar ta yi kauri, fara dusu-dusu, ganyen kamar ana hango shi cikin hazo, gindin kuma ya yi tulluwa. A 75 da dama-dama, amma jijiyoyin ganye sun ɓace. A 82, shiga da fita cikin daƙiƙa uku, rigar ta fito siririya garau, kowace jijiya ana ƙirga ta. A 92 kakin da ke riƙe da ganyen ya narke, ganye biyu suka sulale suna yawo a gwangwani, gefen kyandir ɗin ya zaizaye. Don haka tsakanin 80 da 84 muka tsaya. Sau biyu ake tsomawa, da tazarar rabin minti. Na uku ba ya ƙara komai sai dushewa.

A shiga a miƙe, a fito a miƙe, ba tsayawa a hanya. Duk inda hannu ya yi jinkiri sai layi ya fito a wurin. Ɗigon da ya taru a gindi a shafe shi a kan jarida tun da ɗumi.

Mai son sheƙi ya tsoma kyandir a bokitin ruwan sanyi nan take bayan tsomawar ƙarshe. Ta ƙarshe fa. Ɗaya da aka mayar cikin kaki da ɗigon ruwa a jikinsa ya fito da ƙuraje kamar mai ƙyanda.

An kuma gwada ɗanyen ganye guda, don a gani. Yana shiga ya fara fitar da kumfa a kewayensa, kafin yamma ya yi baƙi-baƙi a ƙarƙashin rigar.

Litinin, 14 ga Oktoba

An samo saƙar zuma da aka riga aka matse, wajen masu kawo zuma daga ƙauye. An dafa ta da ruwa a tukunya marar tsatsa, aka tace da tsohon ɗankwali, aka bar ta ta kwana. Da safe kakin ya daskare a sama kamar waina, aka kankare dattin ƙasansa. Tukunyar baƙin ƙarfe tana duhunta kakin zuma, a guje ta.

Kashi uku na kakin zuma cikin bakwai na faraffin, a gwangwanin tsomawa, ya ba da launin da muka yi ta nema da kala ba mu samu ba. Ganyen zogale a ƙarƙashinsa kamar an jiƙa shi a zuma. Kakin zuma yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, sama da yawancin faraffin na kyandir, kuma yana da danƙo, don haka rigar ta fi kama jiki. An ɗaga zafin tsomawa zuwa 85. Ƙamshinsa ma ya wadatar, mun fasa sa turare. Dama turaren fesawa da humra ba sa gauraya da kaki.

Asabar, 19 ga Oktoba

Gwajin wuta. Har yau ado muke kallo, yau ne za a san ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. An jera biyar a kan tiren ƙarfe a tsakar ɗaki, nesa da labule, fanka a kashe, murfin tukunya a kusa. An datse kowane lagwani zuwa milimita 6. Ƙa'idar masu wannan sana'a awa ɗaya ce ga kowane santimita 2 da rabi na faɗi, don haka awa biyu-biyu ake kunnawa, a kashe, ya huce sarai, a datse, a sake.

Zagayen farko duk lafiya. Narkakken kakin ya buɗe kamar santimita 3 da rabi, ya bar bango mai kaurin milimita 7 ko 8. A zagaye na biyu wutar ta sauka cikin ramin, bangon ya haskaka daga ciki, ganyen tsamiya ya fito baƙi a kan haske ruwan zuma. Wannan shi ne abin da ake nema, kuma ba ya samuwa sai lagwani ya ɗan gaza faɗin kyandir ɗin kaɗan.

A zagaye na uku aka ga bambanci. Mai ganyen dalbejiya da aka manna har kusa da baki, bangonsa ya yi laushi ya lanƙwaso ciki, ganyen ya kwanto cikin narkakken kaki, bakinsa ya taɓa wuta. Busasshen ganye da ya sha kaki lagwani ne, ba wani abu ba. Harshe biyu suka tashi, bangon ya ɓalle ta gefe, kaki ya malalo kan tire. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba.

Mai hoton tishu ma haka ya yi, har ya fi muni. Wannan dabara ce da ake zana ado a kan tishu falle ɗaya, a naɗe shi a jikin kyandir da takardar gashin kek, a hura masa na'urar busar da gashi har tishun ya nutse ya ɓace. Kyau kam akwai, amma takarda ce zagaye da wuta. Mun cire ta daga jerin waɗanda za a kunna.

Mai zanen fenti da ledar ƙunshi, fentin akirilik, bai kama ba, amma da narkewa ta iso wurinsa sai fentin ya saɓule kamar fatar roba ya nufi lagwani. Burburwa da zogale da aka tsayar a ƙasa ba su ba da matsala ba har aka kashe.

Abin da muka tsayar: a kyandir mai faɗin santimita 5, babu ganye ko fenti a santimita 3 na sama. Ado ya tsaya a ƙasa, kuma a daina kunnawa da zarar ramin ya sauko daidai kan adon. Guda shida da aka riga aka yi wa ado har sama an kankare su da cokali mai ɗumi, za su koma sashen launi.

Talata, 22 ga Oktoba

Tunda duk baƙon abu a jikin kyandir yana iya zama lagwani, sai muka koma ga adon da ba a ƙara komai a cikinsa: sassaƙa, irin ta masu ƙwarya.

Ana tsoma farin kyandir a kaki mai launi sau huɗu. A nan ana son kauri, don haka zafin ya sauko zuwa 74 ko 76, da tazarar minti ɗaya tsakani. Rigar takan kai kusan milimita ɗaya. Sai a yanke zane a cikinta, farin ciki ya bayyana. Saman kyandir ba a so ya sha kala da yawa saboda lagwani: ana tsayar da tsomawa daidai kafaɗa, ko a kankare kewayen lagwanin daga baya.

Abin sassaƙar da ya fi duk wanda muka gwada shi ne ƙarfen tsohuwar laima. Haƙarƙarinta kwari ne da shi a tsakiya kamar indararo. A yanko santimita 10, a wasa bakin a dutse, a naɗe gindin da tsumma. Yana fitar da kaki siriri kamar taliya, layin ya fito da faɗi ɗaya. Allura tana yin ɗigo da siraran layuka, amma turo kakin take yi gefe, sai an bi da buroshi. Reza ba ta bin lanƙwasa.

Lokacin yanka ya fi kayan yanka muhimmanci. Minti goma zuwa ashirin bayan tsomawar ƙarshe, kyandir na da ɗumi kamar jikin mutum, ƙarfe yana tafiya sumul. Ƙasa da haka kakin yana biyo ƙarfen yana cakuɗewa. In ya kwana, bakin layi yana farfashewa. Wanda ya huce a nannaɗe shi a leda a sa a ruwa mai ɗumi minti biyar, ya dawo.

Zangarniya ce mafi sauƙi: layi ɗaya a tsaye mai ɗan lanƙwasa, sai ɗigo-ɗigo a cunkushe a samansa, ganye biyu dogaye a ƙasa. Dagi ya fi wuya, don in layi ɗaya ya kauce duk ƙullin ya rikice. Ana zana shi a takarda mai gida-gida, faɗin santimita 4, a naɗa a jikin kyandir, a bi layin da allura ana hudawa duk bayan milimita 3, a cire takardar, a haɗa ɗigon da ƙarfe. A mahaɗar layuka a tuna wanne ne ke bi ta sama, a ɗaga ƙarfe a tsallake. Biyu na farko sun lalace a nan. Gyaransu sauƙi: a sake tsomawa sau biyu, a fara daga farko.

Riga biyu ma tana yi. Ruwan goro sau uku a ciki, makuba sau biyu a waje. Yanka sama-sama ya nuna ruwan goro, mai zurfi ya kai ga fari.

An kunna ɗaya da daddare, awa biyu sau uku. Haske yana fitowa ta layukan da aka yanke, jikin ya rage duhu. Babu abin da ya kama.

Asabar, 26 ga Oktoba

'Yan ƙananan masu ƙoƙon alminiyom. Waɗannan gaba ɗayansu suke narkewa su zama ruwa, don haka ba a sa komai a kansu, ko kanumfari ɗaya, ko ƙyalƙyali. Masu yayyafa busasshen fure a samansu don hoto suke yi. Mazauninsu ake yi wa ado.

An ɗauki gajerun kofunan gilashi masu kauri, tsayin santimita 7. A waje an jera sandunan kirfa a wasu, a wasu siraran karan dawa da aka tsaga, duk an yanke su santimita 5 don su tsaya ƙasa da bakin kofi, an ɗaure da igiyar rama zagaye uku. Gam ɗin bindiga, wanda ake narkarwa da zafi, ya saki da gilashin ya ɗau zafi, ɗauri ya fi shi. Ƙyasuwar da aka ware ta samu wuri a nan, amma a kan faifan da ake jera kofunan, taƙi guda daga wuta, ba a jikin kofi ba.

A ƙananan kasake na yumɓu kuma an zuba gero da jar dawa da riɗi, aka zaunar da kofi a tsakiya. Hatsin an ɗan gasa shi a wuta kaɗan-kaɗan minti goma saboda ƙwari. Ɓera kuwa ba ruwansa da gashi, in dare ya yi a rufe.

Kurkum na taga ya koɗe ya koma kamar madara, na cikin kwali yana nan yadda yake. Ya fita daga lissafi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Iska ta fara juyawa, ƙura ta fara sauka. Masu rigar kakin zuma sun fi kwasar ta saboda danƙonsu, kuma tsumma yana dirza ta ciki ne. Tsohuwar safar nailan ta fi, a shafa a hankali. Biyu daga cikinsu sun fara yin fari-fari kamar an barbaɗa gari. Halin kakin zuma ne in ya ji sanyi, ba lalacewa ba ce, ɗumin tafin hannu ko iskar na'urar busar da gashi daga nesa yana mayar da shi.

Ajiya: kowane a naɗe shi a farar takarda, ba jarida ba don tawadarta tana hawa kaki, a tsaye cikin kwali, nesa da taga da jikin bangon da rana ke duka. Launi biyu kada su jingina da juna. Gindin da bai zauna daidai ba a murza shi a kan faranti mai ɗumi daƙiƙa biyu-uku.

Inda aka kwana: masu ganye 9 sun kammala, masu sassaƙa 8, cikin sauran wasu sun tafi a gwajin wuta, wasu na jiran a sake tsoma su. Kofuna 16 an ɗaure, saura 8, igiyar rama ta ƙare. An yanko fayif mai inci 3 don a ga ko faɗin santimita 7 da rabi zai bar bangon da zai riƙe ganye har sama. Zai ci kusan giram 280 a tsayi ɗaya da na yanzu, kuma lagwanin sili 15 ba zai ishe shi ba. An kitsa na 21 da na 24, ranar Talata za a zuba biyu a gwada.